Na Je Wankan Jego, Na Ɓige da Bin Lambatun Landan

Wankan jego ne ya kai ni Landan. 'Yata ta sauka lafiya, ta sami namiji, aka ce ni zan je in kula da ita har a yi arba'in. Gidansu yana Plumstead, can kudu maso gabashin birnin, unguwar da in ka shiga kasuwa Yarabancin da za ka ji sai ka ɗauka Sabon Garin Kano ka faɗa. Yadda ake wankan jego babu murhu, babu ganyen darbejiya, wannan hira ce ta wata rana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani tudu ne.

Likita ya ɗora mini tafiyar ƙafa kowace safiya saboda ciwon suga. Kusa da gidan akwai wani dogon tudu miƙaƙƙe, kamar ganuwar Kano kafin a cinye ta, ciyawa hagu da dama, an shimfiɗa hanya a kansa don masu keke da masu yawo da karnuka. Ridgeway suke ce masa. Kullum na gama da mai jego sai in hau in yi ta tafiya ina jan carbi. Na kwana goma ina haka. Ran nan yayan jaririn, jikana ɗan shekara 11 da nake kira maigida, ya raka ni. Muna cikin tafiya ya tsaya yana ƙunshe dariya.

"Kaka, kin san a kan me kike tafiya?"

"A kan ƙasar Allah mana, maigida."

"A'a. A kan kashi."

Hausarsa ba ta nuna ba, sai na ɗauka ƙashi yake nufi, wato tsohuwar maƙabarta muke takawa, har na fara salati. Ashe yaron daidai ya faɗa. Tudun nan ba Allah-bar-mu ba ne, gina shi aka yi. A cikinsa akwai manyan ramukan jan bulo da ke ɗauke da ƙazantar kudancin Landan zuwa wani wuri a bakin kogi mai suna Crossness, kuma tun wajen 1865 suke wannan aiki. Ya ce an koya musu a makaranta, injiniyan da ya yi su sunansa Joseph Bazalgette, su kuma suna furta shi Bazaljet.

To, ni shekara 33 na yi ina aikin duba-gari kafin in ajiye. Na leƙa masan da ban san adadinsu ba, na sa an rufe rijiyoyi, an zage ni, an kai ƙarata gun mai unguwa. Na kwana a sansanin masu amai da gudawa, na ga yadda ƙato ke zama kamar tsumma tsakanin azahar da isha'i. A 2021 kaɗai cutar nan ta ci sama da mutum 3,000 a Najeriya, akasarinsu a wajenmu. Saboda haka da dare na ce wa mijin 'yata ina son a kai ni in ga aikin mutumin nan. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Mama, baƙinmu fadar Sarki suke cewa a kai su, ko kantunan Oxford Street." Na ce su je, Allah ya ba da sa'a, ni lambatu na zo gani.

Da unguwar Soho da ke tsakiyar birnin muka fara, ni da maigida, don ya ce labarin daga nan ya fi daɗi. A titin Broadwick akwai wani baƙin famfon ƙarfe a tsaye babu hannu. Kwaikwayon na asali ne. A ƙarshen Agustan 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar, ta kashe sama da mutum 600. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana bincike duk inda aka yi rasuwa, ya ga rashe-rashen sun taru a kewayen famfon. Ya lallashi hukumar unguwa aka cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Da aka tona daga baya sai ga ramin masai bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba, a nan aka riƙa zuba ruwan wankin tsummokaran wata jaririya mai gudawa. Na tsaya ina kallon wurin kamar wadda ta ga ɗan'uwa a baƙon gari. Mu mita 30 aka koya mana a bari tsakanin masai da rijiya, kuma na shiga gidajen da taku biyar ne.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba a yarda da Snow ba. Manyan likitoci da 'yan majalisa na lokacin sun tafi a kan cewa wari ne ke kawo cutar, wai gurɓatacciyar iska ce ke shiga jiki. Ya rasu a watan Yunin 1858 ana ɗaukar maganarsa ta ruwa a matsayin shaci-faɗi.

Sai ka san halin da birnin yake ciki sannan za ka gane dalilinsu. Mutanen Landan sun haura miliyan biyu, akwai ramukan masai wajen 200,000, da yawa a ƙarƙashin daɓen gidaje. Masu kwasa na zuwa da dare su kwashe su sayar wa manoma taki, kamar dai yadda aka sani a wajenmu. Sai masai na tangaran mai jan ruwa ya shigo yayi, ramukan suka riƙa cika suna tumbatsa. Daga 1848 hukuma ta matsa a toshe ramukan, kowane gida ya haɗa da magudanar ruwan sama, su kuwa magudanan duk kogin Tems suke zubawa, kogin da wasu kamfanonin ruwa ke ɗiba suna sayar wa jama'a su sha. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A 1848 zuwa 1849 kwalara ta kashe mutum 14,137 a birnin, a 1853 zuwa 1854 ta ƙara da 10,738.

Akwai wani abu game da Tems wanda mu 'yan tudu ba mu saba da shi ba. Ruwan teku yana turo shi baya sau biyu a kowace rana, ya cika ya tashi mita da yawa, sannan ya janye. Na gani da idona: da hantsi taɓo ne shimfiɗe a gefe, da la'asar ruwa ya shafe shi. Don haka abin da aka zuba ba ya tafiya, kai-komo yake yi a ƙofar gida.

A bazarar 1858 aka yi zafi mai tsanani, ruwan kogin ya ja baya, abin da ke kwance a gefensa ya dahu. Ginin majalisar dokoki kuma a bakin kogin yake. Har labulen tagogi aka riƙa jiƙawa da sinadarin kashe wari, bai hana 'yan majalisa gudu da hankici a hanci ba. Shekara da shekaru ana ta ja-in-ja a kan wa zai biya, amma da warin ya shiga zauren manya, cikin kwana 18 ministan kuɗi na lokacin, Benjamin Disraeli, ya ga dokar gina sababbin magudanai ta wuce. Aka ba hukumar ayyukan birnin izinin cin bashin fam miliyan 3, za a biya da harajin gidaje cikin shekara 40. Na ce wa maigida, "Ka ga, gawa dubu ashirin da biyar ba ta motsa su ba, hancinsu ne ya motsa su." Ya ce malamarsu ma haka ta ce. Ni ban ji a makaranta ba, a bakin aiki na gani: unguwar da babban mutum ke bi da mota ita ake fara yashe wa kwata.

Daga Soho muka gangaro bakin kogi, kan faffaɗan titin da ake kira Victoria Embankment. Kusa da gadar jirgin ƙasa ta Hungerford aka manna hoton tagulla na kan Bazalgette a jikin bango, mai sanƙo da ƙaton saje. Sai da muka wuce shi muka dawo, don bai kai a ce abin kallo ba. An rubuta wasu kalmomi da Latin a sama, ma'anarsu ya ɗaure kogi da mari. Masu yawon buɗe ido suna ta wucewa, hankalinsu na kan ƙaton lilon da ke tsallaken ruwa.

A kan wani benci a wurin maigida ya buɗe waya muka bi tarihinsa. An haife shi ranar 28 ga Maris 1819 a Enfield, arewacin Landan. Kakansa Bafaranshe ne da ya yi hijira ya zama telan ɗan sarki, ubansa kuma hafsan sojan ruwa. Bai je jami'a ba, almajirancin sana'a ya yi a hannun wani injiniya, John Macneill, wanda ya tura shi Ailan aikin janye ruwa daga fadamu. A 1842 ya buɗe ofishin kansa, daidai lokacin da Ingila ta haukace da shimfiɗa layin dogo. Ya yi ta karɓar aiki ba dare ba rana, har a 1847 jiki da ƙwaƙwalwa suka ce sun gaji, ya kwanta, ya bar birnin ya tafi jinya. Da ya farfaɗo a 1849 sai ya karɓi ƙaramin muƙami na mataimakin safiyo a hukumar magudanai. A 1852 shugaban injiniyoyin hukumar, Frank Forster, ya rasu, aka ba shi kujerar. Da aka kafa sabuwar hukumar ayyuka ya zama babban injiniyanta a 1856, shahararren injiniyan nan Brunel na cikin waɗanda suka tsaya masa, kuma bai bar kujerar ba sai 1889 da aka rushe hukumar.

Dabarar tasa in an faɗa sai ka ce ai kowa ma zai iya. Tsofaffin magudanai duk gangarowa suke yi zuwa kogi. Shi sai ya gina manya a gicciye, suna bin tsawon kogin daga yamma zuwa gabas, uku a arewa, sauran a kudu, su tare ƙazantar kafin ta faɗa ruwa, su tafi da ita can bayan gari. Tsawon manyan mil 82, ƙananan da ke bin tituna mil 1,100. Jan bulo miliyan 318 aka ci. Yawancin ƙananan an yi su da siffar ƙwai, tsinin yana ƙasa, don ko ruwa ya yi kaɗan ya taru a matsattsen wuri ya yi gudu ya wanke kansa. Wanda ya taɓa ganin faffaɗar kwata mai shimfiɗaɗɗen ciki da rani, ruwa ya kwanta ya yi kore, zai gane hikimar.

Bencin da muke zaune ma, da can cikin kogi yake. A tsakiyar birni babu inda za a tona ba a rushe manyan tituna ba, sai ya ci gefen kogin: ya gina katangar dutse a cikin ruwa, ya cike bayanta, ya binne babban lambatu a ciki, da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ramin bututun gas da na ruwa, ya shimfiɗa titi da lambuna a sama. An buɗe wannan a 1870. Da shi da 'yan'uwansa biyu, na Albert da na Chelsea, eka 52 aka ƙwato daga kogin. Muna zaune ina jin ƙasa na ɗan girgiza in jirgi ya wuce.

Crossness ba kullum ake buɗe ta ba, kuma ranakun da ake kunna injin ƙalilan ne, sai da muka jira wata Lahadi. Mijin 'yata ya ja mu a mota ta Thamesmead. Tun kafin mu isa hancina ya shaida mini, don matatar ƙazanta ta zamani tana nan a gefe tana aiki. Maigida ya toshe hanci, ni kuwa ko a jikina. A ƙofar ɗakin injin aka miƙo mana hular kwano, na ɗora tawa a kan hijabi, yaron nan ya ɗauki hoto ya tura wa uwarsa kafin in hana.

Ban yi tsammanin abin da na gani ba. Gidan tura kashi ne, amma an ƙawata shi kamar fada. A tsakiya akwai wani zagaye mai kusurwa takwas na zubin ƙarfe, ginshiƙai da baka-baka, an shafe su da ja da kore da ruwan zinariya. Wani dattijo cikin masu aikin sa-kai ya nuna mana ganyaye da 'ya'yan itacen da aka zana a jikin ƙarfen, ya ce mu canka. Na matsa na duba, na ce wannan ai ɓaure ne, wannan kuma kwanson filasko. Mijin 'yata ya fassara masa, dattijon ya yi ta dariya. Maƙeran Ingila sun san abin da kakanninmu suka sani, sun yi wa gidan ado da maganin da ke kawo masa kaya.

Dalilin gidan shi ne gangara. Lambatu sai da gangara yake tafiya, to in ka yi ta gangarawa mil bayan mil, kafin ka kai bayan gari ka nutse ƙasa da kogin. Dole a ɗago ruwan sama. Injuna huɗu aka kafa, na kamfanin James Watt, aka sa musu sunayen gidan sarauta: Victoria, Prince Consort, Albert Edward da Alexandra. Yarima mai jiran gado da kansa ya buɗe wurin ranar 4 ga Afrilu 1865. Kowane inji yana da wata ƙatuwar sandar ƙarfe mai tan 47 a sama tana sunkuyawa tana ɗagowa kamar ma'aunin sikeli, da wili mai tan 52. Suna ɗaga ƙazantar kimanin mita 9 zuwa 12 su zuba a wani rufaffen tafki, a riƙe ta har ruwan teku ya fara janyewa, sannan a buɗe ƙofa ya tafi da ita.

Ɗaya kaɗai ke motsi yanzu, Prince Consort. An daina amfani da injunan a shekarun 1950, aka bar su ga tsatsa da ɓarayin ƙarfe, har wata ƙungiyar masu sa-kai da aka kafa a 1987 ta ɗauki gyara, suka tashe shi a 2003. Da aka sakar masa tururi na zaci ƙara za ta kashe mana kunne. Ina! Wilin nan ya fara juyawa a hankali, sandar tana sauka tana hawa, ba ka jin komai sai huci kamar na saniya a kwance. Na hau bene na tsaya kusa da sandar, na daɗe ban ce uffan ba. An bar wani ɓangaren ginin da tsatsarsa yadda aka same shi, don mai kallo ya ga bambanci.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai ba injin ba ne, siminti ne. A lokacin simintin Portland sabon abu ne, magina ba su amince da shi ba, don in an kuskure gashinsa ko haɗinsa ba ya riƙo. Bazalgette ya zaɓe shi saboda ƙara ƙarfi yake yi a cikin ruwa, sannan ya kafa doka: duk kayan da aka kawo sai an ɗebi samfuri, an kwaɓa, an bar shi ya sha, an ja shi da na'ura har ya karye. Wanda bai kai ba a mayar wa mai shi. Zanen aikin ma ɗaya bayan ɗaya yake bi da kansa, yana gyara da rubutun hannunsa a gefe. Wannan fa aiki ne da za a binne, ba mai sake ganinsa, kuma ba inda ɗan kwangila ya fi son cin hanci da rabon siminti kamar abin da ƙasa za ta rufe. Na sha ganin kwalbatin da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, damina ɗaya ta tafi da shi. Nasa ya haura shekara 150 yana ɗaukar kaya.

Shi kansa Bazalgette wari ya fito yaƙa, don shi ma ɗan zamaninsa ne. Ya kori ƙazanta don a huta da ɗoyi, sai ya zamana ya raba ta da ruwan sha. A 1866 kwalara ta sake dawowa ta kashe mutum 5,596, kusan duka a gabashin birnin, yankin da ba a gama haɗa shi da sabon lambatun ba, inda kuma kamfanin ruwan yankin ya ba mutane ruwan da ba a tace ba. Wannan ne ya sa William Farr, mai ƙididdigar mace-mace na gwamnati wanda da yake cikin masu cewa iska ce, ya sallama cewa ruwa ne. Daga nan annobar ba ta sake kama Landan ba. Sai a 1884 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya tabbatar wa duniya da ƙwayar cutar.

Ba zan yi masa kwalliyar da ta wuce kima ba. Bai tace komai ba, matsar da ita ya yi daga ƙofar masu hali zuwa ƙofar masunta da talakawan gabas, a Beckton ta arewa da Crossness ta kudu. Ranar 3 ga Satumba 1878 wani jirgin shaƙatawa, Princess Alice, ya yi karo da jirgin gawayi a kusa da wuraren zubarwar, ba da jimawa da buɗe ƙofofin ba. Sama da mutum 600 suka mutu a cikin ruwan nan. Bayan surutu ya yi yawa aka koma tace ƙazantar, ana loda kaurin da ya kwanta a jiragen ruwa ana kaiwa teku, kuma ba a daina hakan ba sai 1998. Sannan lambatun nasa ruwan sama da na masai hanya ɗaya suke bi, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai su yi ambaliya cikin kogin. Da mutanen birnin suka doshi miliyan tara abin ya zama na kullum, shi ya sa aka haƙa wani sabon rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin Tems, aka gama haɗa shi a 2025. Kamfanin da ya yi aikin sunan Bazalgette ya ɗauka.

Sauran ayyukansa a gurguje muka gan su daga tagar bas: gadojin Putney, Hammersmith da Battersea, titin Shaftesbury Avenue, da jirgin fiton Woolwich da har yau kyauta ake shiga. Sarauniya Victoria ta ba shi lambar girma ta Sir, ya shugabanci ƙungiyar injiniyoyin ƙasar, ya rasu ranar 15 ga Maris 1891 a Wimbledon, inda aka binne shi.

Da muka fito daga Crossness na ce wa mijin 'yata ya wuce da mota, ni da maigida za mu taka. Ya ce, "Mama, da nisa fa, ya fi kilomita biyar." Na ce likita ne ya sa ni. Muka hau tudun daga wancan bakin muka nufo gida, wato muna tafiya abin da ke ƙarƙashinmu yana wucewa ta inda muka fito. Yaron ya yi shiru can ya ce, "Kaka, ku a Kano ina naku yake zuwa?" Na fara ba shi labarin Jakara, da motar kwasar masai, da masu kura da ke zuwa da jarkoki da asuba, sai na ga Hausar ta yi masa nauyi, na ce ya bari in an yi hutu ya zo in kai shi ya gani. Ya ce to, amma da sharaɗin a ba shi hular kwano.

Mun iso ana kiran la'asar a wayar 'yata. Ruwan wankan yamma ya riga ya yi zafi. Na yi wa jariri wanka, na gasa masa cibiya, na cire toshiyar bahon, muka tsaya ni da maigida muna kallon ruwan yana juyawa yana shigewa.